Soyayya a Bakin Bindiga: Abin da Tsofaffin Finafinan Yaƙi Ke Nema a Wurin Mai Kallo

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin Casablanca har ƙarshe ya san wurin da maƙogwaro ke shaƙewa. Dare ne a filin jirgin sama, hazo ya rufe ko'ina, jirgin da zai tashi zuwa Lisbon yana jira. Rick, Ba'amurken nan mai gidan shaƙatawa, yana riƙe da takardun fita guda biyu waɗanda rabin garin ke nema ruwa a jallo. Ilsa, matar da yake ƙauna, tana tsaye gabansa, ta kuma riga ta gaya masa cewa ta bar masa wuƙa da nama. Sai ya sa aka rubuta sunanta da na mijinta a takardun, ya tura su jirgi, shi ya tsaya. Mun kalli wannan wuri fiye da sau ɗaya, kuma kowane karo sai idonmu ya ciko. Abin da muke son tattaunawa a nan shi ne inda wannan ƙwalla ta fito, da wanda ya shirya ta, da abin da ya so mu yi da ita bayan an kunna fitilun silima.

An fara nuna Casablanca a birnin New York ranar 26 ga Nuwamba 1942, kwana 18 bayan sojojin Amurka da na Ingila sun sauka a gaɓar Maroko da Aljeriya. Kamfanin Warner Bros. ya gaggauta fitar da shi saboda sunan garin yana bakin kowa. Da aka sake shi ga sauran gidajen silima a watan Janairu 1943, Roosevelt da Churchill suna can suna taro a Kasablanka ɗin ta gaske. Labarin kansa an ɗora shi a farkon Disamba 1941, 'yan kwanaki kafin Japan ta kai hari Pearl Harbor. Ke nan mai kallo na wancan lokaci ya san abin da mutanen cikin fim ba su sani ba, ya san cewa zaman 'yan ba-ruwanmu da Amurka ke yi saura ƙiris ya ƙare.

A watan Yuni 1942 gwamnatin Amurka ta kafa ofishin yaɗa labaran yaƙi a ƙarƙashin ɗan jarida Elmer Davis, da wani sashe na musamman da ke karanta rubutun finafinai yana ba kamfanoni shawara. Tambayar farko da ofishin ke so kowane mai shirya fim ya yi wa kansa ita ce ko fim ɗin zai taimaka a ci yaƙi. Ra'ayin Davis kuwa sananne ne: farfaganda ta fi shiga kan mutum idan ta biyo ta cikin nishaɗi, lokacin da bai san ana yi masa ita ba. Iyayenmu mata sun san wannan hikima tun kafin a haifi Davis, domin ba a ba yaro maɗaci sai an lulluɓe shi da zuma.

Yadda aka haƙa wa hawaye hanya

Mu da muka tashi da littattafan soyayya da finafinan Indiya mun san fasalin labarin mutum uku. Akwai saurayi, akwai budurwa, akwai na ukun da ya shiga tsakani. Galibi na ukun nan shi ne mugu, ko dai attajirin da ya sayi iyaye, ko wanda aka yi wa auren dole da shi. Mai karatu yana da inda zai sauke fushinsa, kuma yana jiran ranar da mugun zai faɗi.

Marubutan Casablanca sun toshe wannan ƙofa. Victor Laszlo, mijin Ilsa, ɗan gwagwarmaya ne daga Cekosulobakiya wanda ya tsere daga sansanin gwale-gwale na 'yan Nazi. Mutum ne mai kunya da haƙuri, ya gane abin da ke tsakanin matarsa da Rick amma bai ɗaga mata murya ba. Ilsa ita ma an wanke ta, domin lokacin da ta so Rick a Paris an gaya mata mijinta ya mutu. Rick kuma, duk da yana ta nanata cewa ba ya sa wuyansa saboda kowa, an sanar da mu cewa ya taɓa kai wa Habasha makamai a 1935, ya kuma yi yaƙi da 'yan fasist a Sifaniya a 1936. Babu mai laifi a cikin su ukun. To fushin da labarin ya tara a ƙirjin mai kallo ina zai tafi? Hanya ɗaya aka bar masa, ita ce kan Manjo Strasser, hafsan Jamus. Shi ya sa idan Rick ya harbe shi a filin jirgi mukan ji sanyi, kamar shi ne ya raba masoyan, alhali kuwa ko da Strasser bai taɓa zuwa garin ba, auren Ilsa yana nan daram.

A nan dabarar take. Labarin soyayya yana samar da ruwa, wato tausayi da bege da haushi, farfaganda kuma ta haƙa kwata ta karkatar da shi zuwa gonarta. Rick da ya daina zama ɗan ba-ruwana shi ne Amurka da ta shiga yaƙi, kuma abin da ya sadaukar shi ne abin da ake so matashin da ke zaune a silima ya sadaukar idan takardar kiran soja ta iso. Ba a ce masa soyayya banza ce ba. An nuna masa ita da dukkan daɗinta a cikin tunanin Paris, da kiɗa da furanni da yawo a mota, domin in abu ba shi da tsada bayar da shi ba sadaukarwa ba ne.

Akwai kuma wani hannu a cikin wannan ƙarshe. Dokar tace fim ta Hollywood, wadda aka tsaurara tun 1934, ba za ta yarda matar aure ta bar mijinta ta bi masoyi a tashi lafiya ba. Sai masu tsaron tarbiyya da masu neman sojoji suka wayi gari suna son abu ɗaya. Duk mai bin rigingimun hukumar tace finafinai a Kano zai gane yadda doka ke rubuta ƙarshen labari tun marubuci bai kai can ba.

Kada a ɗauka muna cewa duk abin ƙarya ne. A dubi wurin da hafsoshin Jamus ke rera waƙarsu a gidan Rick, Laszlo ya je ya umarci makaɗa su buga taken Faransa. Makaɗan suka dubi Rick, ya gyaɗa kai, jama'a suka miƙe har suka danne muryar Jamusawa. Kyamara ta tsaya kan Yvonne, yarinyar da ta shigo riƙe da hannun sojan Jamus, tana rerawa tana kuka. Madeleine Lebeau da ta fito a matsayin Yvonne 'yar gudun hijira ce ta gaske, ta gudo daga Paris a 1940 tare da mijinta Marcel Dalio, wanda shi ne mai juya caca a cikin fim ɗin. Conrad Veidt da ya fito a Strasser ya bar Jamus tun 1933 tare da matarsa Bayahudiya. Mutanen da ke cikin ɗakin nan da yawansu labarin kansu suke yi. Daga fuskar Yvonne sai kyamara ta koma kan Ilsa tana kallon mijinta da alfahari, a nan ne mai kallo ke gane dalilin da ya sa ba za ta iya barinsa ba. Soyayya da siyasa sun zama hanta da jini a cikin hoto ɗaya, kuma wannan gwaninta ce ta darakta Michael Curtiz da ba za mu hana shi yabonta ba.

Yaƙi ya shigo ɗakin girki

Idan Casablanca na magana da namijin da za a tura fage, Mrs. Miniver na William Wyler, wanda ya fito a watan Yuni 1942, yana magana da wadda za a bari a gida. An buɗe shi da ƙananan abubuwa. Uwargida ta sayi hula mai tsada tana fargabar gaya wa maigida, shi ma ashe ya sayi sabuwar mota yana neman hanyar faɗi. Mai kula da tashar jirgin ƙasa, wani dattijo, ya raini furen wardi ya sa masa sunanta. Fim ɗin yana jan lokaci a kan wannan zaman lafiya da gangan, don mu saba da gidan kafin bom ya faɗa masa.

Sannu a hankali yaƙi ya shigo. Maigida ya tafi da ƙaramin jirgin ruwansa kwaso sojoji daga Dunkirk. Uwargida ta ci karo da matuƙin jirgin Jamus da aka harbo, ya tsare ta da bindiga a ɗakin girkinta. Babban ɗanta Vin ya shiga sojan sama, ya auri Carol, jikar tsohuwar da ke ji da sarautar ƙauyen. Tun daga nan aka shirya zukatanmu ga mutuwar Vin. Carol da bakinta ta gaya wa surukarta cewa ta san tana iya rasa shi kowace rana. Sai ga shi amaryar ce harsashin jirgi ya samu a cikin mota a hanyar gida, matuƙin kuma ya dawo lafiya.

A mizanin labarin ban tausayi wannan juyi ne mai kyau, domin ya bugi mai kallo ta inda bai tsare ba. A mizanin farfaganda kuwa shi ne dukkan saƙon: abokan gaba suna kashe amare da tsofaffi da yara, saboda haka babu farar hula, kowa soja ne. Fim ɗin ya rufe a cikin cocin da bom ya huda rufinsa, limamin yana huɗuba cewa wannan yaƙin jama'a ne gaba ɗaya. Vin ya tashi ya je ya tsaya kusa da kakar matarsa, gidan talaka da gidan sarauta suka haɗu a kan gawa ɗaya. Kyamara ta ɗaga sama, ta ramin rufin ana hango jiragen yaƙi suna wucewa a jere. Roosevelt ya sa an watsa wannan huɗuba a rediyo, an kuma buga ta a takardu an zuba daga jirage a ƙasashen Turai da Jamus ta mamaye. Fim ɗin ya ci lambar Oska shida.

Amma Ingilar da ke cikinsa an gina ta ne a Kalifoniya. Iyalin da aka kira matsakaita suna da katafaren gida a bakin kogi da masu aiki. Talakawan gabashin Landan, waɗanda suka fi kowa shan ruwan bama-bamai, ba su samu shiga ba, kuma wasu masu sharhi a Ingila sun faɗi haka tun a lokacin. An zaɓi gidan da Ba'amurke zai so a ce nasa ne, saboda Ba'amurken ake so ya ji zafin rushewarsa.

Berlin ma ta iya wannan girki

Kwana takwas bayan fitowar Mrs. Miniver, ranar 12 ga Yuni 1942, kamfanin UFA ya fara nuna Die große Liebe a Berlin, wato Babbar Soyayya. Zarah Leander, mawaƙiya 'yar Suwidin, ta fito a matsayin Hanna, tauraruwar dandali da ta kamu da son matuƙin jirgin yaƙi. Duk lokacin da suka sa ranar aure sai aiki ya kira shi. Karo ɗaya ma ba a kira shi ba, shi ya ga abokansa na buƙatarsa ya tafi, ita kuma ta yi fushi. Sai Jamus ta auka wa Tarayyar Sobiyet, Hanna ta fahimci cewa son kai ne ya sa take neman riƙe shi. A ƙarshe an harbo jirginsa, ta same shi yana jinya a kan tsaunuka, suka ɗaga kai tare suna kallon jiragen yaƙi na wucewa. Kimanin mutum miliyan 27 suka kalle shi, babu fim ɗin zamanin Hitila da ya kai shi kasuwa.

A lura da cewa finafinan biyu sun rufe da hoto iri ɗaya: mace ta koyi haƙuri, ido ya koma sama, jirage na tafiya. Goebbels, ministan farfaganda na Jamus, ya san abin da Elmer Davis ya sani. Cikin fim sama da dubu da aka yi a ƙarƙashinsa, mafi yawa na barkwanci ne da kiɗa da soyayya. Ya kalli Mrs. Miniver ya yaba shi a littafin ajiyarsa na kullum, yana ganin abin koyi ne ga masu fim na Jamus.

Wannan shi ne abin da ya fi damun mu. Macen da ta yi kuka a silimar Hamburg kukanta na gaske ne, daidai da na wadda ta yi a Chicago. Mijinta yana fage, waƙar Leander ta taɓa inda ke mata ciwo. Amma kwana biyu kafin a fara nuna fim ɗin, 'yan Nazi sun shafe ƙauyen Lidice a ƙasar su Victor Laszlo, sun harbe mazan, sun kwashe mata da yara. Babu ko inuwar irin wannan a cikin Babbar Soyayya. Abokin gaba ma kusan ba a ganin sa, yaƙin ya zama kamar damina, abin da ke zuwa ya jinkirta biki. Ba muna daidaita ɓangarorin biyu ba ne, domin ɗaya ya gina sansanonin kisa, ɗaya ya taimaka an buɗe su. Abin da muke cewa shi ne ƙwallar da fim ya fitar ba ta iya gaya wa mai kallo ko yana bayan gaskiya. Wannan hukunci sai an fita daga silima an duba inda jiragen suka nufa.

Waɗanda ba a ba su masoyiya ba

Mu koma Casablanca mu dubi gefen hoto. Gari ne na Larabawa da Berber, amma 'yan ƙasar ba su wuce mai tsaron ƙofa da masu talla a kasuwa ba. 'Yan gudun hijira sun cika fim ɗin, amma ba a furta kalmar Bayahude ko sau ɗaya ba. Sai kuma Sam, baƙar fata mai kaɗa fiyano. Shi ne ya san sirrin Paris, waƙarsa ce igiyar da ta ɗaure masoyan, shi ne ke zama da Rick cikin dare yana lallashinsa. A zamanin an yaba wa fim ɗin saboda ya ba shi mutunci, har Rick ya ƙi tayin wanda ya zo neman sayensa. Duk da haka Ilsa ta kira shi yaro lokacin da take tambayar ko wane ne, alhali Dooley Wilson da ya fito a Sam ya haura shekara 55. Ba mu san ko Sam ya taɓa son wata ba, ba mu san abin da ya baro a gida ba. A filin jirgi ma babu shi, an bar shi tare da gidan da aka sayar.

A ƙarshen fim Kyaftin Renault ya jefar da kwalbar ruwan Vichy a kwandon shara, ya ba Rick shawara su nufi sansanin Faransa Mai 'Yanci da ke Brazabil. Su waye a wannan sansani? Félix Éboué, baƙar fata ɗan Giyana kuma gwamnan Chadi, shi ne ya bayyana goyon baya ga de Gaulle ranar 26 ga Agusta 1940, lokacin da janar ɗin ba shi da ko taƙi ɗaya na ƙasa a Faransa. Rundunar da Leclerc ya ɗauka daga Chadi ta ci Kufra a Libiya a watan Maris 1941, kuma mafi yawanta 'yan Afirka ne. A daidai lokacin Damagaram da Maraɗi suna hannun gwamnatin Vichy, Kano da Katsina suna hannun Ingila, iyakar da ke tsakanin 'yan uwa ta zama iyakar yaƙi. Jiragen da aka harhaɗa a Takoradi suna sauka Kano da Maiduguri a hanyarsu ta zuwa Masar. Turawa biyu da ke tafiya cikin hazo a hoton ƙarshe suna tafiya ne zuwa yaƙin da baƙaƙe suka riga suka fara.

Kakanninmu ma sun je. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japan a dazukan Burma, kuma Hausa ce harshen da aka fi ji a tsakanin sojojin Najeriya. Sunayen barikin Dalet da Kalapanzin a Kaduna da Chindit a Zariya duk daga can suka samo asali. A 1945 Hollywood ta fitar da Objective, Burma! inda Errol Flynn da Amurkawa suka zama jaruman wannan fage. Ingilishi suka fusata cewa an share su, har aka janye fim ɗin daga silimominsu na shekaru. Babu wanda ya janye wani fim saboda an share mazan jiya na Katsina ko Tamale.

Farfagandar da aka kawo mana kuwa daban ce. A 1939 aka kafa sashen finafinai na mulkin mallaka a ƙarƙashin William Sellers, tsohon jami'in kiwon lafiya a Najeriya, wanda ya yi imani cewa ɗan Afirka sai an yi masa fim a hankali, ba kwana-kwana, kafin ya fahimta. Motar majigi takan tsaya a ƙofar fada, a kafa farin ƙyalle, a nuna jiragen Ingila da faretin soja da amfanin noman gyaɗa, mai fassara yana bayani. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda Abubakar Imam ke wa edita tun 1939, tana kawo labaran fage. Mutumin Ohio sai da aka yi zawarcinsa da fuskar Ingrid Bergman kafin a nemi jininsa. Mutumin Zazzau umarni aka ba shi ta bakin hakimi. Maɗacin da aka ba mu ko zumar ba a sa masa ba.

Bayan an daina neman sojoji

Domin a ga abin da wannan salo zai iya idan an sassauta masa linzami, sai a dubi fim ɗin Rasha na 1957, Letyat Zhuravli, wato Gauraki na Shawagi, na Mikhail Kalatozov. Kayan haɗin duk waɗanda muka sani ne. Boris da Veronika suna soyayya a Mosko, yaƙi ya ɓarke, Boris ya ba da kansa. Ta zo sallama ta makara, tana kutsawa cikin taro tana kiran sunansa bai ji ba. Bom ya kashe iyayenta. Ɗan uwan Boris, makaɗin da ya sayi takardar kuɓuta daga aikin soja, ya ci zarafinta a daren ruwan bama-bamai, ta aure shi cikin kunya da ruɗu. Boris kuwa ya mutu a cikin fadama, ba a wani gagarumin gumurzu ba, bishiyoyi na juyawa a idonsa yana ganin bikin auren da ba za a yi ba.

A finafinan 1942 mace mai jira ita ce ginshiƙi, wadda ta kasa jira kuma maciyar amana ce. Kalatozov ya ɗauki wadda ta kasa jiran ya mai da ita zuciyar labari, ya ƙi yanke mata hukunci. A ƙarshe tana tashar jirgin ƙasa da furanni ranar dawowar sojoji, aka tabbatar mata Boris ba zai dawo ba, ta rarraba furannin ga masu murna. Fim ɗin bai tsira daga huɗuba ba, akwai jawabin zaman lafiya a wannan tasha wanda ya dace da bakin gwamnatin lokacin. Amma an yi shi shekara 12 bayan yaƙi, shekara huɗu bayan mutuwar Stalin, lokacin da ba a buƙatar tura kowa fage, shi ya sa aka bar asara ta tsaya a matsayin asara. Ya ci babbar lambar bikin Cannes a 1958. A namu ɓangaren kuwa, a 1988 ne Ousmane Sembène da Thierno Faty Sow suka yi Camp de Thiaroye a kan sojojin Afirka da Faransa ta buɗe wa wuta kusa da Dakar a ranar 1 ga Disamba 1944 saboda sun nemi haƙƙinsu.

Abin da ya rage mana

Ba mu zo mu hana kowa son waɗannan finafinai ba, mu ma muna son su. Casablanca ya rayu shekara 80 da ɗoriya bayan buƙatar da ta haife shi ta wuce, saboda an rubuta shi da kyau, kuma saboda zaɓi tsakanin abin da zuciya ke so da abin da ya wajaba tsohon ciwo ne da ba ya warkewa. Mrs. Miniver ya fi shi tsufa domin huɗubarsa ta fi labarinsa ƙarfi. Babbar Soyayya kuwa sai dai a kalle shi a matsayin shaida.

Dalilin da ya sa batun ya shafe mu shi ne mu ma muna cikin namu yaƙe-yaƙen, a Borno da Zamfara da Diffa, kuma masu fim da marubutanmu sun fara mai da su labari. Masu kuɗin ɗaukar nauyi sun san darasin Elmer Davis sarai. Tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014 ta fara ne da tallafin ma'aikatar harkokin wajen Amurka, da manufar rage tasirin masu tsattsauran ra'ayi ta hanyar shirye-shirye cikin Hausa. Manufa ce da yawancinmu za mu sa wa hannu, kamar yadda za mu sa wa yaƙi da Hitila. Amma kyan manufa bai ɗauke wa mai kallo nauyin tambaya ba, kuma kowa ya ci ladan kuturu ya san askin da ke jiransa. Idan wasa ya sa mu kuka, ya kamata mu tambayi kanmu wa aka nuna mana mu tsana, ko shi ne ainihin wanda ya jawo baƙin cikin, wace asara aka bari ta fito a allo, wacce kuma aka ɓoye, sannan wane Sam ne aka bari a gefe yana kiɗa.

Akwai kuma aikin da ke jiran marubutanmu. An yi amare a ƙasar Hausa a 1943 waɗanda aka kwashi mazansu a jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga can a jirgin ruwa zuwa ƙasar da ba su taɓa jin sunanta ba. Wasu sun jira shekara uku, wasu iyaye sun kai maganarsu gaban alƙali an raba auren, wasu mazan sun dawo da lambar yabo da ciwon da ba a gani suka tarar da ɗan wani a bayan matarsu. Biyi Bandele, wanda aka haifa a Kafancan, ya rubuta labarin mazan a littafinsa Burma Boy a 2007. Labarin matan da suka tsaya a tasha yana nan a bakin jikokinsu, kuma jikokin nan suna ta tsufa.